Tashoshi Sun Yi Yawa: Me Ake Kallo A Gidajenmu?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a zaman da aka yi a Sabo, Badun. Mun buga shi kamar yadda aka yi shi, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban wannan ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, samari da 'yan mata, ina gaishe ku baki ɗaya, sannunku da zuwa. An ba ni rabin awa in yi magana a kan talabijin da abubuwan da ake nunawa a cikinsa. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, ga tsadar abinci ga kuɗin makaranta, a rasa abin da za a tara mu a kai sai kallo? To, mai wannan magana ya koma gidansa yau bayan lisha, ya ƙirga mutum nawa ne ke hira da juna, mutum nawa ne kuma idonsu ke kan gilashi. In ya gama ƙirga sai ya dawo mu ci gaba da gardama.

Bari in fara da abin da ya kamata kowane mazaunin wannan gari ya sani. Talabijin a Nijeriya a nan Badun aka haife shi. Ran 31 ga watan Oktoba na 1959 gwamnatin Jihar Yamma, a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta buɗe tashar WNTV a Agodi, ga ta nan kusa da mu. Inugu ta biyo baya a 1960, Kaduna kuwa sai a 1962. Wato ke nan Bahaushen Sabo ya riga Bahaushen Kano ganin mutum yana magana a cikin akwati. In kun je gida ganin dangi ku riƙa tuna musu. A 1977 ne gwamnatin soja ta tattara tashoshin nan duka ta sa su a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA, daga baya kuma jihohi suka shiga buɗe nasu.

Waɗanda suka manyanta a cikinku sun san yadda abin yake a wancan lokaci. Ba a buɗe tasha sai wajen la'asar, a rufe wajen sha biyun dare da taken ƙasa. Unguwa guda akwati biyu ko uku, yara su cika tsakar gidan mai shi, wasu ta taga. In NEPA ta ɗauke wuta an tashi ke nan, babu janareto. Abin kallon ma a ƙirge yake. Akwai Village Headmaster da aka fara a 1968, aka yi shekara ashirin ana yi. Akwai New Masquerade daga Inugu, wasan su Zebrudaya. Akwai Cock Crow at Dawn da aka fara a 1980 a wajen Jos, wanda aka shirya don a kwaɗaitar da mutane noma. A 1987 aka mai da littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wasan talabijin, Pete Edochie ya fito a Okonkwo. Namu na Hausa kuwa, wa zai manta da Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023? Ko marigayi Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017? Ko Karkuzu na Jos? Ko Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam da NTA Kaduna ta mayar wasan kwaikwayo?

Ba ina cewa da can komai zuma ba ne. Rabin abin da ake nunawa labarin gwamna ne ya yanka kirtani, ya buɗe famfo, ya karɓi baƙi. Amma akwai wani abu guda da ƙarancin nan ya ba mu, mu da ke zaune a ƙasar wasu. Kowa abu ɗaya yake kallo. Maƙwabcinka Bayarabe ya san Samanja, yana kwaikwayon Turancinsa na bariki, kai ma ka san Zebrudaya. In gari ya waye kun haɗu a kasuwa, kuna da abin dariya ɗaya tun kafin a shiga ciniki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo.

Sai ƙofa ta buɗe. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NBC, aka yarje wa 'yan kasuwa su mallaki tashoshi. Channels ta fara a 1995, AIT a 1996. A 1995 ɗin ne kuma DStv ta fito, masu hali suka kafa faranti a kan rufi. A gefe guda ga bidiyo. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kafin a ce haka kaset ɗin Hausa ya fara gangarowa Kudu tare da albasa da shanu. StarTimes ta zo a 2010, GOtv a 2011, dikoda ta sauko inda talaka zai iya taɓawa. Arewa24 ta fara a 2014. Netflix ta shigo Nijeriya a farkon 2016. Sa'an nan uwa uba wayar hannu da YouTube, da shagunan masu tura fim a waya, inda yaro zai ba da ɗan canjinsa a cika masa waya da abin da zai yi mako yana kallo. Yau gida ɗaya, uba na kan labarai, uwa na kan Indiya, saurayi na kan ƙwallon Ingila, budurwa na kan Koriya, ƙaramin kuma ya shige ɗaki da wayar yayarsa. Rufi ɗaya, duniya biyar.

To bari mu ɗauki wasanni masu dogon zango tukuna, tunda su suka fi cin lokacin mutane.

Na Hausa dai, in za a faɗi gaskiya, sun yi mana rana. Yaron da aka haifa a nan, wanda Yarbanci ya fi zama a bakinsa, in ya yi Hausa sai ya sirka da buroka, yanzu kullum yana jin Hausar Kano a cikin ɗakin uwarsa. Yana jin yadda ake gaida suruki, yadda ake ta'aziyya, yadda ake neman aure. Da can sai an tura shi gida wajen kakanni kafin ya sami wannan. Daɗin Kowa na Arewa24 ya kawo zaman wani gari da ke da malamai da almajirai, da 'yan gudun hijira, da 'yan shaye-shaye, da baƙi waɗanda ba Hausawa ba, kuma ya ci kyautar Africa Magic a 2016. Ni wannan na baƙin ya fi jan hankalina, domin a can su ne mu. Kwana Casa'in da aka fara a 2019 ya shiga siyasa da cin hanci da wahalar ɗan jarida mai gaskiya. Gidan Badamasi ya ba mutane dariya da tsohon attajiri da 'ya'yansa masu jiran gado, kuma duk mai dukiya a zauren nan ya san dariyar nan da ƙaya a cikinta. A 2020, shekarar kulle, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, daga nan kowa ya koma dogon zango.

Amma fa in abu ya karɓu, sai a yi ta jan sa kamar ƙwaron roba. Labarin da zai ƙare a zango biyu sai a kai shi bakwai, a kashe wannan, a dawo da wancan daga mutuwa, a ƙirƙiro wata kishiya. Kuma da yawansu a gidan bene ake yi, da motoci uku a tsakar gida, ba ka taɓa ganin mai gidan ya fita nema. Yaronmu da bai taɓa wuce Jebba ba sai ya ɗauka haka Arewa take. Yarinya kuma ta ɗauka haka aure yake. A watan Mayu na 2025 hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22 a lokaci guda, har da wasu daga cikin waɗanda na ambata, a kan ba su kawo an duba ba kafin su saki. Wannan ya nuna muku ko a can gida ana ja-in-ja a kan lamarin.

Na ƙasashen waje kuwa ba su ƙirguwa. A shekarun 1990 na Meziko ne suka riƙe mata, irin su The Rich Also Cry. Zee World ta zo a 2015 da na Indiya cikin Turanci, ga kuma masu fassara su da Hausa a Kano, waɗanda har sun sa Baindiye yana rantsuwa irin ta 'yan Kwari. Na Koriya sun shigo, Squid Game na 2021 har 'yan firamare sun san shi, alhali kisa ne tsagwaronsa, ba na yara ba ne ko kaɗan. Su ma masu masaukinmu sun yi nisa. Anikulapo na Kunle Afolayan a 2022 da Jagun Jagun na Femi Adebayo a 2023 an kashe musu kuɗi, kuma babba zai ƙaru da sanin yadda Yarbawa ke kallon sarautarsu da tarihinsu, sai dai su ma ba na zama da yara ba ne.

Bari in tsaya a kan guda ɗaya, don na san dattawa da yawa a nan sun kamu da shi, wato Ertugrul na Turkiyya. Tashar gwamnatin ƙasar, TRT, ita ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019. Kashi 150 ne, kowane kashi wajen awa biyu. Ku lissafa, awa 300 ke nan. Mutumin da ke zama a rumfarsa awa goma a yini, ya ba da wata guda cur na kasuwa. Ban ce haramun ba ne, ni ma na san daɗin dawakan nan. Ina dai so mu san farashin. Sa'an nan abu na biyu, Ertugrul mutum ne da ya rayu a ƙarni na 13, uban Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, amma abin da aka rubuta a kansa a zamaninsa kaɗan ne ƙwarai. Yawancin abin da kuke gani marubuta ne suka zauna suka tsara. Don haka in kun ji wani a majalisa yana kafa hujja da abin da Ertugrul ya ce, ku tuna masa wasa ne.

Kuma ku sani ba a banza kuke kasa tashi ba. Masu rubuta irin waɗannan wasanni sana'arsu ce su yanke labari daidai inda rai ke so, an ɗaga wuƙa, ko an buɗe ƙofa, sai a ce sai mako mai zuwa. Da can dole ka jira makon. Yanzu na'urar da kanta take ɗora maka na gaba kafin ka miƙa hannu ga rimot. Su kuwa da yawan zamanka suke cin abinci, ko ta talla ko ta kuɗin wata. Ga kuma data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce awa guda ta kallo na iya cin gigabait 1, in hoton mai kyau ne sosai har 3. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Kowane maigida ya zauna ya haɗa kuɗin dikoda, da na data, da na man janareto na wata ɗaya, ya ajiye su kusa da kuɗin makarantar yaro na zango. Ba sai na faɗi komai ba.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so mu daɗe a kansa, domin shi ne muka fi yin sakaci da shi. Cikin wannan tulin akwai shirye-shiryen da ba wasa ba ne, waɗanda ake ɗaukar abu na zahiri, mutane na gaske da wurare na gaske. 'Yan boko na ce musu dokumantari. Kuɗin da ka biya na wata har da su a ciki, da yawa kuma kyauta suke a YouTube, amma sai mu tsallake su kamar an ce magani ne.

A 1984 wani Bature masanin tarihi, Basil Davidson, ya yi shiri kashi 8 a kan tarihin Afirka, ya bi hanyar fataken zinariya, ya shiga har Kano. A 1986 Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya yi nasa kashi 9, The Africans, inda ya yi bayanin cewa Afirka gado uku take ɗauke da shi, nata na gargajiya, da na Musulunci, da na Turawa. Dukansu biyu da hannun NTA aka yi su. Daga 2017 Zeinab Badawi, haifaffiyar Sudan, ta yi wa BBC tarihin Afirka kashi 20, ta dogara da littattafan tarihin da UNESCO ta wallafa, kuma masanan Afirka ne ke magana a ciki. Yaron da ke shirin jarrabawa, wanda ya kasa riƙe Mali da Songhai da Borno daga littafi, ku zaunar da shi gaban waɗannan ku gani. Ga kuma na dabbobi da teku da tsirrai na David Attenborough, tun daga Life on Earth na 1979 har zuwa Planet Earth na 2006. Waɗannan ko kaka da ba ta jin Turanci za ta zauna ta kalla da jikokinta, ba wanda zai sunkuyar da kai don kunya.

Akwai kuma masu tono. Ƙarshen watan Afrilu na 2018 sashen BBC Africa Eye ya saki bincike a kan maganin tari mai kodin, aka nuna yadda ake fitar da shi ta bayan gida ana sayar wa matasa, aka nuna samari a ɗaure da mari a gidan gyaran hali a Kano. Washegari gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Shekara nawa iyaye suna kuka a kan kwalbar nan, mu ma a nan ba mu tsira ba? Shiri ɗaya, wanda bai kai awa guda ba, ya yi abin da kukan bai yi ba. A 2019 suka yi wani a kan malaman jami'a masu neman ɗalibai mata, a Ikko da Gana. Duk mai 'ya a jami'a ya kamata ya gani. A 2022 aka yi a kan 'yan bindigar Zamfara, tashar Trust TV ma ta yi nata, sai hukumar NBC ta ci tarar Naira miliyan 5 kan Trust TV da wasu kamfanonin dikoda, ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda. Wasu suka ce ai gaskiya aka nuna. Ni a ganina, mu da ke nesa da gida, waɗanda labari ke iso mana ta bakin direba da saƙon waya, gara mu gani da idonmu mu yi hukunci.

Amma a nan ma sai da lura. Shirin zahiri shi ma yana da mai shi. Wani ne ya biya kuɗin, wani ne ya zaɓi inda za a saita kamara, wani ne ya yanke abin da ba ya so. Shirin Mazrui da na yaba, da aka nuna shi a Amurka, hukumar gwamnatin da ta sa kuɗi a ciki cewa ta yi a cire sunanta, wai ya zagi Turawa. Ita kanta Arewa24 da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta tun farko, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. TRT ta Turkiyya ce, BBC ta Ingila ce, kowa da inda ya dosa. Wannan bai sa abin da suka nuna ya zama ƙarya ba, amma ka san wa ke maka magana. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba shi da suna sam. Ana turo maka a waya, hoton gawarwaki, da murya mai nauyi tana cewa ga abin da aka yi wa 'yan Arewa a wuri kaza. Babu sunan tasha, babu rana, babu gari. Wani lokaci hoton wata ƙasa ne, wani lokaci na shekara goma da suka wuce, yanzu ma har kwamfuta na ƙirƙiro hoto da murya. Jama'a, mu ne a bakin wuta. In irin wannan ya tada hankali, rumfunanmu ne a fili, 'ya'yanmu ne a hanyar makaranta. Kada wanda ya tura abin da bai san asalinsa ba, ko daga wa ya fito.

Game da yara, a taƙaice. Lambar nan da ke fitowa a kusurwar gilashi, 13 ko 16 ko 18, shekarun mai kallo take nufi. Big Brother Naija 18 ne, ba na falo ba ne. Kowace dikoda tana da lambar sirri ta kulle tasha, ku sa a nuna muku, kuma kada yaron da za a kulle wa ya zama shi ne mai sa lambar. Sai dai akwatin falo ai mai sauƙi ne, kowa na ganinsa. Wayar da ke ƙarƙashin bargo ƙarfe ɗayan dare ita ce magana. Iyayenmu mata, ku kuka fi mu zama da su. Mu kuma maza, dawowa gida sha ɗayan dare a tambayi ko an ci abinci bai isa ba. Ko sau ɗaya a mako a zauna a kalli abu tare, ka ji abin da yaron zai ce.

Saura abu ɗaya. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki wani fim a shekarun 1950 mai suna Jaguar. Samari uku ne suka taso daga Nijar, suka gangara ci-rani zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, suka yi dako da ƙananan sana'o'i a Kumasi da Ankara, suka koma gida da tsaraba. Saboda an ɗauka, jikokinsu na iya ganin yadda kasuwar take, da irin rigar da aka sa, da yadda baƙo ke tafiya a titi. Sabon nan da muke ciki an kafa ta tun 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinta ya rubuta littafi a 1969 a kan fataucin goro da shanu da zaman masu gida da dillalai, amma da Turanci ne, kuma 'yan jami'a ke karanta shi. A cikin zauren nan akwai waɗanda suka ga lokacin da shanu ke sauka daga jirgin ƙasa, suka san wa ya gina wane gida, suka san yadda aka zauna da Yarbawa lokacin yaƙin basasa. Kowace shekara muna raka wasunsu makwanci, abin da ke kansu ya bi su.

Don haka ina roƙon shugaba da 'yan majalisa abu biyu. A zaɓi samari huɗu ko biyar masu wayar kirki, a haɗa su da 'yan mata biyu saboda shiga wajen tsofaffi mata, a ba su kuɗin data da na mota, su bi dattawan nan gida-gida su ɗauki hirarsu da Hausa, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. A fara da waɗanda suka fi tsufa. Na biyu, sau ɗaya a wata a kawo babban akwati nan zauren, a sa ɗaya daga cikin shirye-shiryen tarihin da na ambata, wani malamin makaranta ya riƙa tsayar da shi yana fassarawa. In an amince, ni zan kawo janareto da mai na zaman farko.

Na ga sakatare yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da ɓangaren mata.